Shaidar da Na Je Nema Ingila

Ana yayyafi jirginmu ya shiga tashar Libaful ta Ingila. Mako uku na yi a cikinsa tun daga Takoradi, ina feren dankali ina wanke tukwane a madafa, a maimakon kuɗin jirgi. Na sauko da akwatin ƙarfe guda, da tsohuwar kwat ɗin soja, da littafin sallamata daga soja a aljihun gaba. Lokacin saura 'yan watanni ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta, ni kuwa na ba talatin baya da shekara shida.

Saboda Abukari na je. Tare muka tashi a unguwar Aboabo ta Tamale, gidansu na kallon namu, rana ɗaya kuma muka shiga soja. A yaƙin ƙasar Bama shi ke goya rediyon rundunarmu, ni ina kofur. Wata rana muna tsallaka wani rafi bom ya faɗi gabansa, yashi da ɓarɓashin ƙarfe suka watsu masa a fuska. Aka wanke, aka ɗaure, bayan kwana huɗu aka mayar masa da rediyonsa. Ba wanda ya rubuta komai, don a dajin nan duk mai iya tafiya da ƙafarsa ba a sa shi cikin masu rauni. Da muka dawo Tamale ya kama ɗinki, ni na kama tuƙin lori zuwa Kumasi. Shekara takwas yana aikinsa lafiya, sannan ido ya fara yi masa hazo. Ta kai matarsa Sanatu ke zura masa zare a allura, daga baya ko bakin yadin ba ya gani.

Muka kai kuka ofishin tsofaffin sojoji, suka tura maganar Ankara, babban birninmu na bakin teku. Amsa ta dawo cewa babu takardar da ta nuna a yaƙi ya samu ciwon. In hafsan da ke wurin ya rubuto shaida da hannunsa, za a yi masa magani, a kuma yanka masa fansho. Hafsan shi ne Kyaftin Barlo, Baturen da ya iya Hausar bariki, wanda ranar rabuwarmu ya rubuta mini adireshinsa a bayan littafin sallamata. Wasiƙa uku muka aika, shiru. Sai na ce wa Abukari ni zan je in karɓo, wata huɗu ya ishe ni.

Ban yi nisa da bakin tashar jirgi ba wani Bature ya tsaya gabana, ya haɗa ƙafa, ya sara mini. Dattijo ne mai tsabta, da ƙyallen lambobi a ƙirji. Shekara biyar na yi a soja, Bature bai taɓa riga ni ɗaga hannu ba, shi ya sa na ji ƙirjina ya cika. Ya ce da kwat ɗina ya gane ni, ya ce shi tsohon saje ne, aikinsa taimakon sojojin da suka zo daga ƙasashen Sarauniya. Ya kai ni wani shagon shayi, ya zaunar da ni kusa da murhu, ya ce kafin a ba ni masauki da aiki sai an yi mini rajista. Ya karɓi littafin da ɗan guzurin da ke hannuna, ya ce in jira shi.

Na zauna har mai shagon ta fara ɗora kujeru kan tebura. Da ta ji abin da nake jira sai ta dafe baki. Ta ce mutumin nan bai taɓa shiga soja ba, lambobin a kasuwar gwanjo yake saye, kuma ba ni ne na farko ba. Ba ta karɓi komai ba a kan shayin da burodin da na ci. Ta zana mini hanya a bayan wata takarda zuwa gidan wasu Somalawa ma'aikatan jirgi, ta ce su ma irin sallata suke yi.

Littafin ya fi yi mini ciwo. Bokona bai wuce in rubuta sunana ba, adireshin kuwa ban taɓa haddace shi ba, mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya shi ke kwafa daga littafin duk lokacin da muka je. Abin da ya rage mini a kai shi ne sunan Barlo, da kuma cewa a garinsu ana saƙar ulu.

Somalawan suka ba ni gado a ɗakin mutum shida, ɗayansu ya samo mini aikin wanke bas a wani gareji. Ruwan sanyi da buroshi mai dogon sanda, daga safe har la'asar. Yatsuna suka tsattsage. Abinci dankali ne da kabeji marar gishiri, har na riƙa mafarkin tuwo da miyar kuka ido biyu, ina tsaye da bokiti. Ma'aikatan garejin ba su tsane ni ba, amma da suka ji na ce na yi yaƙi sai suka ɗauka wasa nake. Wani matashi ya tambaye ni da zuciya ɗaya ko an ba mu bindiga, ko kaya kawai muke ɗauka. Yawancinsu ba su taɓa jin cewa baƙar fata daga ƙasarmu Gwalkos ya taka Bama ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani makanike mai ɗingishi da ake kira Albat. Ya ajiye sufanarsa ya tambaye ni wane kogi. Na ce Kaladan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna mini ƙafarsa, ya ce shi can arewa da mu ya bar rabin dunduniyarsa. Daga ranar tare muke cin abincin rana. Shi ya gaya mini cewa ko su 'yan ƙasa ba su tsira ba. Lokacin da jirginsu ya dawo da su an riga an gama bikin nasara, an sauke tutoci, kowa na fama da layin nama da na kwal. In ya fara ba da labarin daji, sai a ce ai su ma a nan an yi musu ruwan bom, a shiga wata maganar. Ya ce har matarsa ta roƙe shi ya daina.

Ina cikin wata na uku Ingila ta kai sojoji Masar kan rikicin mashigin ruwa. Ɗakin shayin garejin ya rabu biyu. Wasu na buga tebur suna cewa a koya wa Misirawa hankali, wasu na cewa abin kunya ne, kwanan mulkin mallaka ya ƙare. A titi na ga ɗalibai da alluna suna ihun a dawo da yara gida. Matar da ke zuba mana shayi, Misis Doris, ɗanta na cikin waɗanda aka tilasta wa aikin soja aka tura can. Ba ta goyi bayan kowa ba. Takan zuba mana shayi kawai ta wuce. Wata rana ta tsaya kaina ta tambaye ni a hankali ko ana ba su isasshen ruwan sha a irin waɗannan wurare. Na ce ana ba su, alhali na san yadda muka sha ruwan kududdufi. Da suka tambaye ni ra'ayina a kan Masar, na ce ni mai wanke bas ne. Zuciyata na tare da Musulmin da ake harbi, tana kuma tare da ɗan Misis Doris, ban san yadda zan faɗi wannan da Turancina ba.

Cikin wannan hayaniya ranar tunawa da mamatan yaƙi ta zo. Kowa ya maƙala jan fure na takarda a ƙirji, har yara da direbobi. Albat ya ce in sa lambobina mu je. Na goge su da toka kamar yadda muke yi a bariki. A dandalin gari aka busa ƙaho, dubban mutane suka yi tsit, ko tari babu. Ban taɓa ganin girmamawa irin wannan ba, kuma ba na ƙarya ba ce, na ga maza na share hawaye. Wata tsohuwa ta kama hannuna da hannu biyu ta yi mini godiya, ba ta ma tambayi daga ina nake ba. Amma da aka zo jerin gwano, mai tsara layi ya duba takardarsa ya ce babu gurbin rundunata, in tsaya tare da 'yan kallo. Na tsaya. Kusa da ni akwai wani mutum marar ƙafafu a kan ɗan keken katako, da lambobi uku a ƙirji, yana sayar da ashana. Mutane na wucewa ta gabansa da furanni za su ajiye a gindin dutsen da aka rubuta sunayen matattu, kaɗan ne suka dube shi.

Bayan an tashi Albat ya ja ni kulob ɗin tsofaffin sojoji, ya ce ko lemo in sha. Mai tsaron ƙofa ya ce ba shi da matsala da ni, amma akwai waɗanda ba za su so ba. Albat ya cire furensa ya sa wa mutumin a aljihu, ya juya muka tafi. Muka sayi kifi da soyayyen dankali muka ci a tsaye, a jikin bango.

Shi ya nemo mini Kyaftin. Ya yi ta rubuta wasiƙu duk tsawon hunturu, daga wannan tsohon hafsa zuwa wancan. Ana cikin haka ƙasarmu ta zama Gana. Ɗalibanmu da ke garin suka yi biki suka gayyace ni, ban samu zuwa ba, ina bakin aiki. A jaridar da aka naɗe wa wani kifi na fara ganin sabuwar tutarmu. Bayan mako uku amsa ta zo da adireshi.

Na hau jirgin ƙasa ranar Asabar zuwa wani gari mai dogayen bututun hayaƙi. Gidan ƙarami ne, a jere da irinsa kusan arba'in. Matarsa ta buɗe ƙofa, da ta ji sunana sai fuskarta ta canza. Ta fito ta ja ƙofar a bayanta, ta ce ita ta karɓi wasiƙunmu uku, ita ta ɓoye. Duk abin da ya tuna masa da Bama sai ya kwantar da shi mako guda, ba ci ba magana, kuma aikinsa na akawu a masaƙa shi ke riƙe da gidan. Ta roƙe ni in tafi. Tana cikin roƙona sai na ji murya daga ciki, da Hausa.

"Wane ne? Kofur Isifu, kai ne?"

Wata bakwai ban ji Hausa daga bakin kowa ba. Na sara masa, hawaye na zuba. Mutumin da na sani ƙaƙƙarfa, mai tafiya gabanmu da adda yana sare gora, ya koma siriri, kansa fari, yana riƙe da ƙarfen bene. Ya ce in sauke hannu, yanzu shi ba kowa ba ne. Ya zaunar da ni a kujerarsa ta bakin wuta. Ya yi ta tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da lambobinsu, wanda ya mutu in ce ya mutu. Da na zo kan Abukari ya rufe ido.

"Mai rediyo," in ji shi. "Ni na ce a mayar masa da kaya. Likita ya ce a kai shi baya, ni na hana, ba ni da wani mai rediyo."

Ban san wannan ba sai ranar. Ya ɗauko takarda da alƙalami, sai da ya sake sabuwar takarda sau biyu. Ya rubuta rafin, da abin da ya faru, da abin da likita ya ce, da abin da shi ya yi, bai rage komai ba. Yana rubutu yana gaya mini cewa maƙwabtansa na shekara goma ba su san ya je yaƙi ba, kuma ya fi son haka. Ya ce a ƙasar nan ana son soja ranar fareti, amma ba a son a ji yana ihu cikin barci ta bayan bango. Ya sa hannu, ya liƙe ambulan, ya miƙo mini.

"Ka kai gidan waya yau, Kofur. Kada ka kwana da ita."

Na ce to, Masa, kamar yadda muke kiran hafsoshi Turawa a bariki. Matarsa ta raka ni ƙofa, sai ta ga yatsuna. Ta koma ciki ta ɗauko safar hannu ta ulu, ta mijinta, ta ba ni.

Ban kai gidan waya ba. A jirgin komawa na ce wa kaina takarda ta taɓa barin hannuna sau ɗaya na ga abin da ya biyo baya, wannan da kaina zan kai ta. Haka na gaya wa Albat, haka na gaya wa Somalawa, har ni ma na yarda. Yanzu da na tsufa ba ni da dalilin ɓoyewa. So nake a gan ni ina saukowa daga lori a Aboabo da takardar a hannu, mutane su taru, a ce Isifu ya je har Ingila ya karɓo. Kuma ina jin kunyar in koma da akwatin da na zo da shi, babu abin da ya ƙaru a ciki.

A makon nan ne shugaban garejin ya ce in ina so a ɗauke ni daga wanki a sa ni koyon gyaran injin dizal, wata shida, da takardar shaida a ƙarshe. Na lissafa motocin da sabuwar gwamnati za ta shigo da su, na ga kaina da garejina a Tamale. Na sa aka rubuta wa Abukari cewa shaida ta samu, ina tafe bayan babbar Sallah. Wata shida ya zama kusan shekara biyu, don an ce takardar babba sai an ƙara zama. Sallah ta wuce, wata ta zo. Ambulan na ƙasan akwati cikin rigar da na zo da ita, lokaci lokaci in ɗaga in duba ko danshi ya taɓa ta.

Albat ya yi mini magana sau biyu. Na biyun muna ƙarƙashin bas, ya ce shi ya ɓata hunturu guda yana rubuta wasiƙu ne don makaho, ba don ni ba. Ya ce in ba shi takardar ya aika da kuɗinsa. Na ji haushi, na yi kwana uku ban ci abinci tare da shi ba. Cikin kwanakin nan wasiƙa ta zo daga Tamale, wani malamin makaranta ɗan kudu ya rubuta ta a madadin Sanatu. Ta ce suna lafiya, Abukari na gaishe ni, ya ce kada in yi gaggawa, in gama koyon aikina. Da aka karanta mini, na kai wa Albat na nuna masa layin da yatsa. Ya karanta, ya miƙo mini, ya koma kan injinsa.

Shekara biyu da wata biyar na yi. Ranar da zan taso Albat ya raka ni tashar jirgi da ɗingishinsa, ya ce in gaishe masa da mai rediyo. Misis Doris ta ba ni gwangwanin biskit. Ɗanta ya dawo lafiya, sai dai ba ya son fita daga ɗaki.

Na sauka Takoradi da akwati biyu da takardar makanike. A hanya duk inda muka tsaya sabuwar tuta ce, yara na rera waƙoƙin da ban sani ba. Lorinmu ya iso Tamale da sassafe. Ba wanda ya taru. Na bar kayana wurin wani tsohon abokin tuƙi, na nufi Aboabo da ƙafa. A ɗakin Abukari na tarar da wani Bamoshe, baƙo daga arewa da mu, mai gyaran keke, ya ce shi wata huɗu ke nan da kama ɗakin, matar da ke ciki a da ta koma unguwar Bulpiela tana sayar da koko. Na tambaye shi mijin fa. Ya dube ni, ya ce ashe ban ji ba.

Na same ta a gindin wata darbejiya, da babbar tukunya da masu saye a kan benci. Ta rame. Da ta gan ni ta ajiye ludayi, ta rusuna ta ce, "Yaya Isifu, sannu da zuwa. An dawo lafiya?" Na yi mata gaisuwar rashi. Ta amsa kamar yadda ake amsawa. Ta ce zazzaɓi ne, cikin damina, kwana shida ya yi. Keken ɗinkin tun kafin nan suka sayar.

Na fito da ambulan ɗin, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ta dube ta, ba ta karɓa ba. Ta ce bara an zo an ɗebi tsofaffin sojoji masu ciwon ido zuwa Kumasi, wani likita ya yi musu aiki, wasu sun dawo suna gani. Sun je ofis, aka tambaye su shaida, Abukari ya ce tana hanya. Ba da faɗa ta faɗi wannan ba, tana faɗa tana goge bakin tukunya. Na ce amma wasiƙarku ta ce kada in yi gaggawa.

"Shi ya ce a rubuta haka," in ji ta. "Ni cewa na yi a rubuta ka zo. Ya ce kai ma ka sha wahalar yaƙin nan, a bar ka ka samu wani abu. Duk ranar da lorin Kumasi zai shigo sai na kai shi tasha, ya zauna a benci yana sauraron muryoyin masu sauka. Wai ko cikin mutum ɗari zai gane taka."

Na roƙe ta ta nuna mini kabarin. Ta ce sai ta sallami mutane, kuma sai ta nemo ƙaninsa, don ita iyakarta bakin maƙabarta. Ta matsar da wani kwando ta ba ni wuri a ƙarshen benci, ta zuba mini koko a ƙwarya, ta ɗora ƙosai biyu a ganye. Na riƙe ƙwaryar, na kasa kai ta baki. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya ji an ce daga Turai nake, ya gyara zama ya tambaye ni yaya Ingila, yaya mutanenta, an ce suna girmama soja ƙwarai.

Na ce masa akwai sanyi.